Natchez: Ƙaramin birnin Amurka da ke cin abinci da tarihin bauta

Natchez ƙaramin birni ne a kudu maso yammacin jihar Mississippi ta Amurka, zaune a kan wani tudu mai tsayin kimanin mita 60 da ke kallon Kogin Mississippi. Ƙidayar 2020 ta nuna mutum 14,520 ne ke cikinsa, kusan kashi 60 cikin 100 baƙaƙen fata. A 1960 mazaunansa sun haura 23,000. A farkon shekarun 2000 masana'antar taya da ta takarda suka rufe ɗaya bayan ɗaya, matasa suka watse neman aiki, birnin ya koma dogaro da baƙi masu yawon buɗe ido.

Babbar hajar da Natchez ke tallatawa ita ce tsofaffin gidajen attajiran auduga, waɗanda aka gina kafin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Bayi ne suka noma audugar, su suka buga tubalin, su suka ɗora ginin. Shekaru sama da casa'in ke nan ana karɓar kuɗin baƙi a ƙofar gidajen, amma sai a 'yan shekarun nan aka fara ambaton bayin da babbar murya. Duk wanda zai kai iyalinsa can yana bukatar sanin wane wuri ne ke ba da wane labari, domin tikitin da ya saya shi zai yanke irin tarihin da 'ya'yansa za su ji.

Masu ƙasar na farko

Sunan birnin na wata al'umma ce ta 'yan asalin ƙasar, Natchez, masu sarki da ake wa laƙabi da Babbar Rana. Fadarsa tana wurin da yanzu ake kira Grand Village, a gefen gari, inda tuddan ƙasa da aka tara da hannu suke har yau, tare da ɗan gidan tarihi da hukumar adana tarihi ta jihar ke kula da shi. Kimanin kilomita 16 arewa maso gabas akwai Emerald Mound, tudun ibada da aka gina tsakanin shekarun 1250 da 1600. Faɗinsa ya kai hekta uku, tsayinsa ya ɗara mita goma, kuma a duk Amurka tudun Cahokia na jihar Illinois ne kaɗai ya fi shi girma a irinsa.

Faransawa sun kafa sansanin Fort Rosalie a kan tudun bakin kogi a 1716, shekara biyu kafin kafa New Orleans. A watan Nuwamban 1729, bayan kwamandan sansanin ya nemi ƙwace filin wani ƙauyensu, mutanen Natchez suka afka wa Faransawan, suka kashe sama da 200. Ramuwar ta zo da muni. Zuwa 1731 an tarwatsa al'ummar, an kama ɗaruruwa an sayar da su bayi a Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, sauran suka fake wajen maƙwabta. Daga nan yankin ya koma hannun Ingila a 1763, Sifaniya a 1779, sai Amurka a 1798.

Ɗan sarkin Futa Jalon

A zamanin mulkin Sifaniya ne, a 1788, aka sauke wani Bafulatani a bakin kogin Natchez. Sunansa Abdurrahman, ɗan Almami Ibrahim Sori na Timbo, a Futa Jalon da ke ƙasar Gini ta yau. Ya yi karatu a Timbuktu, ya riƙe rundunar mahaifinsa, kuma a hanyar dawowa daga yaƙi aka yi masa kwanton ɓauna, aka sayar da shi ga fataken bayi har ya kai ga jirgin Turawa. Daular mahaifinsa ita ma tana kai fursunonin yaƙi bakin teku tana sayarwa, kuma hanyar da wasu suka bi ta dalilinta ita ɗan sarkin ya bi.

Wani manomi mai suna Thomas Foster ya saye shi. Da Abdurrahman ya ce shi ɗan sarki ne kuma iyayensa za su fanshe shi, sai aka mayar da maganar abin ba'a, aka laƙaba masa sunan da ke nufin yarima. Ya auri wata baiwa mai suna Isabella, suka haifi 'ya'ya tara, ya zama shi ke kula da gandun ubangidansa. A 1807, yana sayar da kayan gona a wata kasuwa a wajen Natchez, wani likita ɗan ƙasar Ailan, John Cox, ya gane shi. Shekaru da dama kafin nan Cox ya kwanta rashin lafiya a Timbo, gidan Almami ya yi jinyarsa. Likitan ya yi tayin fansa, Foster ya ƙi, har Cox ya mutu bai yi nasara ba.

Abin da ya buɗe ƙofa shi ne rubutu. A 1826 Abdurrahman ya rubuta wasiƙa da Larabci, wani ɗan jarida na garin, Andrew Marschalk, ya aika ta ta hannun sanata zuwa Washington. Jami'ai suka ɗauka mutumin Maroko ne, wasiƙar ta kai ga Sarkin Maroko, shi kuma ya nemi a sake shi. Gwamnatin Shugaba John Quincy Adams, ta hannun sakataren harkokin waje Henry Clay, ta sa baki, Foster ya yarda a 1828 bisa sharaɗin ya bar ƙasar. Mutanen gari suka tara dala 200 aka fanshi Isabella. 'Ya'yan kuwa suka ci gaba da zama dukiyar Foster.

Tsohon ya zagaya biranen arewacin Amurka yana neman gudummawar fansar 'ya'yansa, a daidai shekarar zaɓe, magoya bayan Andrew Jackson kuma suka mayar da yawon nasa makamin sukar Adams a jihohin kudu. Ya tashi zuwa Laberiya a farkon 1829, ya rasu a Monrovia cikin watan Yulin shekarar, bai kai Timbo ba. Kuɗin da ya tara sun fanshi mutum takwas kawai daga zuriyarsa. Masanin tarihi Terry Alford ya tattara labarin a littafinsa Prince Among Slaves na 1977, kuma a 2003 jikokinsa na Laberiya da na Amurka suka haɗu a Natchez. Baƙo zai ji labarinsa a gidan tarihin baƙaƙen fata da ke tsohon gidan waya a titin Main.

Mararrabar da ake sayar da mutane

Ana yawan cewa a kasuwar Forks of the Road aka sayar da Abdurrahman. Kuskure ne, domin kasuwar ta bunƙasa ne bayan rasuwarsa. Asalinta ya fi haka muni. A 1833, lokacin annobar kwalara, aka gano gawarwakin bayi da dillali Isaac Franklin ya sa aka zubar a wani kwazazzabo. Hukumar birni ta hana dillalan bayi ajiye hajarsu a cikin gari, su kuma suka matsa 'yan taku kaɗan zuwa wata mararraba da ke bayan iyaka, suka ci gaba da ciniki.

Amurka ta haramta shigo da bayi daga Afirka tun 1808. Amma injin gurzar auduga da aka ƙirƙiro a 1793 ya sa gandayen kudu na bukatar hannaye fiye da kowane lokaci, don haka aka koma cinikin cikin gida. Kimanin mutum miliyan ɗaya aka kwaso daga jihohi irin su Virginia da Maryland zuwa ƙuryar kudu. Kamfanin Franklin da Armfield yakan tara su a Alexandria, ya tura wasu ta jirgin ruwa, wasu kuma a ƙasa, maza a ɗaure bibbiyu cikin sarƙa, tafiyar makonni. Daga 1833 zuwa 1863 dubun dubatar mutane aka sayar a wannan mararraba, wadda a yankin kasuwar New Orleans ce kaɗai ta fi ta.

Sojojin tarayya sun shiga Natchez a watan Yulin 1863. Baƙaƙen sojoji, cikinsu har da waɗanda aka taɓa sayarwa a wurin, su aka sa suka rushe ɗakunan tsare bayin, aka yi amfani da katakon wajen gina sansani. Abin da baƙo zai tarar yau ɗan fili ne tsakanin tituna, da allunan bayani, da mari da sarƙoƙi da aka dasa cikin siminti. Babu kuɗin shiga, babu ginshiƙai, babu lambu. Wani ɗan gwagwarmaya na garin, Ser Seshsh Ab Heter Boxley, ya shafe shekaru yana matsa lamba kafin birnin ya miƙa filin ga hukumar kula da wuraren tarihi ta tarayya a watan Yunin 2021. Ita hukumar tana da ofishi a Natchez tun 1988.

Gidajen attajirai

Gidajen sun tsira ne saboda Natchez bai yi yaƙi ba. Yawancin attajiransa na da dukiya da dangi a arewa, gundumar ba ta goyi bayan ɓallewa daga tarayya ba, kuma da jiragen yaƙin tarayya suka iso a 1862 birnin ya miƙa wuya. Takardun talla na cewa kafin yaƙin babu garin da ya kai shi yawan miloniya idan aka auna da yawan jama'a. Magana ce ta masu talla, amma gine-ginen sun nuna cewa kuɗi sun zauna a nan.

Wanda ya fi jan ido shi ne Longwood, gida mai kusurwa takwas, hawa shida, da kubba a samansa irin ta masallatan gabas. Haller Nutt, mai gandaye da ɗaruruwan bayi, ya ɗauko mai zanen gini Samuel Sloan daga Philadelphia aka fara aiki a 1860. Da yaƙi ya ɓarke a 1861 maginan arewa suka ajiye kayan aiki suka tafi gida. Cikin ɗakuna 32 da aka tsara, tara na ƙasa kawai aka kammala. Nutt ya mutu a 1864, iyalinsa suka ci gaba da zama a ƙasan. Wanda ya hau sama zai ga tubali tsirara da katako da akwatunan kaya yadda aka bar su. Yara sukan fi son wannan gida a kan sauran, don babu wanda ba ya son leƙa cikin gidan da ba a gama ba.

Stanton Hall, na wani dillalin auduga ɗan Ailan, an gina shi a 1857 kuma ya cinye layi guda sukutum. Rosalie na 1823 ya zama hedikwatar sojojin tarayya lokacin yaƙi. Ƙungiyoyin mata ne ke riƙe da waɗannan gidaje uku. A 1931 sanyi ya lalata lambunan da matan suka shirya nuna wa baƙin wani taro, sai suka buɗe musu gidajensu a madadi. Daga 1932 abin ya zama biki na shekara-shekara da ake kira Pilgrimage, a watannin Maris da Afrilu, daga baya aka ƙara na kaka. Mata kan sa manyan fatari masu bazuwa kamar lema suna zagayawa da baƙi, da dare kuma a yi wasan kwaikwayo wanda shekaru da yawa yana ɗauke da sunan ƙawancen jihohin da suka ɓalle. Bayi kuwa, in an ambace su, sai a ce masu hidima. An yi wa wasan kwaskwarima a 2015 don a sa bauta a ciki, abin da ya jawo cacar baki tsakanin matan kansu.

Mai neman cikakken bayani ya fara da Melrose, gidan lauya John McMurran na shekarun 1840, wanda ke hannun hukumar tarayya. Ɗakunan bayi na nan a bayan gida, kuma jami'an kan yi bayaninsu. A ɗakin cin abinci akwai wani faffaɗan katako rataye a saman tebur, wanda ake kira punkah, kalma daga Indiya da kunnen Bahaushe zai ji kamanninta da fanka. Bawa ne, sau da yawa yaro, ke tsayawa yana jan igiyarsa har masu gida su gama cin abinci.

Mai askin da ya mallaki bayi

Gidan William Johnson a titin State yana rikita duk wanda ya zo da sauƙaƙan rabe-rabe. An haife shi bawa a 1809, aka 'yanta shi yana ɗan shekara 11, ya koyi aski, ya buɗe shaguna, ya sayi filaye, yana ba Turawa rance, kuma shi ma ya mallaki bayi fiye da goma. Daga 1835 zuwa 1851 yana rubuta abin da ya faru kowace rana, kundin da aka buga a 1951. A 1851 wani maƙwabcinsa, Baylor Winn, ya harbe shi kan rikicin iyakar gona. Waɗanda suka ga kisan baƙaƙe ne, doka kuma ta hana baƙar fata ba da shaida a kan Bature. Shari'ar ta koma kan ko Winn Bature ne ko ba Bature ba, daga ƙarshe ya tafi abinsa.

Bayan yaƙi Natchez ya ba Amurka baƙar fata na farko a majalisar dattawa, Hiram Revels, limamin cocin Zion Chapel, a 1870. John R. Lynch, wanda ya taso bawa a gidan Dunleith, ya zama kakakin majalisar jihar a 1872, sannan ɗan majalisar wakilai ta tarayya. Wannan dama ba ta daɗe ba: kundin tsarin mulkin jihar na 1890 ya raba galibin baƙaƙe da ƙuri'a har tsawon shekaru saba'in da ɗoriya.

Gobara, bama-bamai da Parchman

A titin St. Catherine, wanda ke kaiwa tsohuwar kasuwar bayi, akwai ɗan gidan tarihin gobarar Rhythm Club. Daren 23 ga Afrilun 1940 ɗaruruwan baƙaƙe na rawa a wani zaure na kwano da aka toshe tagoginsa don hana masu shiga ba tikiti. An ƙawata rufin da busasshiyar ciyawar bishiya, an fesa mata maganin ƙwari na Flit mai kama wuta. Mutum 209 suka mutu.

A watan Agustan 1965 bam ya tashi a motar George Metcalfe, shugaban ƙungiyar NAACP ta garin, ya tsira da munanan raunuka. Baƙaƙe suka ƙaurace wa shagunan Turawa, suka fito zanga-zanga. A farkon Oktoba aka kama ɗaruruwa, aka kwashi sama da 150 zuwa kurkukun Parchman mai nisan kimanin kilomita 320 ba tare da shari'a ba, aka tuɓe su cikin sanyi, aka ɗura musu maganin wankin ciki. Ƙauracewar ta ci gaba har hukumomi suka sa hannu a watan Disamba cewa za su ɗauki baƙaƙen 'yan sanda su kuma buɗe wuraren gwamnati ga kowa. Birnin ya nemi gafara a 2015, ya kafa dutsen tunawa mai ɗauke da sunayensu a 2019.

Wharlest Jackson, ma'ajin ƙungiyar, tsohon sojan yaƙin Koriya, ya karɓi ƙarin girma a masana'antar taya ta Armstrong zuwa aikin da Turawa kaɗai ke yi. Ranar 27 ga Fabrairun 1967 bam ya tashi a motarsa yana hanyar gida. Ba a taɓa gurfanar da kowa ba. Stanley Nelson, editan wata ƙaramar jarida ta mako-mako, Concordia Sentinel, a ƙetaren kogi, shi ya shafe shekaru yana tono takardun hukumar FBI kan wani reshen ƙungiyar Ku Klux Klan da ake zargi da wannan kisa da makamantansa.

Akwai wani labari da ke yawo a Facebook da TikTok cewa sojojin tarayya sun tsare 'yantattun bayi 20,000 a wani rami mai suna Devil's Punchbowl har suka mutu. Gaskiya ne dubban bayi sun gudo Natchez a 1863, an cusa su a sansanoni marasa tsafta, cututtuka sun kashe da yawa. Amma masana tarihi ba su sami takardar da ke goyon bayan wancan adadi ko labarin ramin ba, kuma a 1860 duk mazauna birnin ba su kai 7,000 ba.

Inda yara za su sake

Filin shaƙatawa na kan tudu kyauta ne, yana kallon kogi da gadoji biyu da ke tsallakawa zuwa Vidalia ta jihar Louisiana, kuma da la'asar sakaliya ya fi daɗi. Daga nan ake gangarawa Under-the-Hill, tsohuwar tashar jiragen ruwa da ta yi ƙaurin suna da 'yan caca da 'yan fashi. Layi ɗaya ne ya rage, sauran kogi ya cinye, kuma har yanzu akwai mashaya a wurin da gidan caca a kusa. Keken doki na zagayawa da baƙi cikin gari. A watan Oktoba ake bikin manyan balan-balan masu ɗaukar mutane, waɗanda ke tashi da sassafe su ratsa saman kogi.

Maƙabartar birni ta 1822 na da wani kabari da ake yawan ziyarta, na wata yarinya 'yar shekara goma da ta rasu a 1871. An ce tana tsoron tsawa, shi ya sa mahaifiyarta ta sa aka haƙa matakala zuwa daidai kanta don ta riƙa sauka tana zama kusa da ita duk lokacin hadari. Kudu da gari akwai gandun dajin St. Catherine Creek mai kadoji da tsuntsayen ruwa, a Louisiana kuma gandun Frogmore na nuna tsinkar auduga da gurzarta, ta da da ta yanzu. A hanya mai lamba 61 za a wuce Mammy's Cupboard, gidan abinci na 1940 da aka gina da siffar baƙar mace mai hidima, ana shiga ta cikin fatarinta. An sauya wa fuskar fenti mai haske daga baya, amma yaro mai wayo zai yi tambaya.

Hanyar Natchez Trace ta fara daga nan ta miƙe kilomita 715 zuwa Nashville, babu manyan motocin kaya, babu allunan talla. Tsohuwar turba ce da matuƙan kwale-kwale ke bi da ƙafa su koma gida bayan sun sayar da kayansu, kuma ita ce ayarin bayi ke biyowa zuwa kudu. Emerald Mound na kusa da farkonta, haka ma Mount Locust, tsohon masaukin matafiya mai maƙabartar bayi a bayansa.

Baƙi kan sauka da jirgin sama a Baton Rouge ko Jackson, tafiyar ƙasa da awa biyu a mota, ko a New Orleans, kimanin awa uku. Ba mota, zagayen zai yi wuya. Daga Yuni zuwa Agusta zafi ne mai gumi, don haka Maris, Afrilu da Oktoba sun fi. Musulmi ya riƙa tambaya kafin ya ci, domin a girkin kudancin Amurka akan sa naman alade a wake da ganye har da miya. Soyayyar tarwaɗa ita ce abincin da garin ke alfahari da shi, kuma yawanci da man gyaɗa ko wani man tsirrai ake soya ta, amma nan ma tambaya ba ta ɓaci.